Ku Tambaya Mu Amsa: Arahar gidan wajen gari, wa ke biyan cikon?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar gida ce, haya da saye, musamman irin unguwannin nan na wajen gari da mutum ke kwana a cikinsu amma ya wuni a birni wajen aiki. Na zaɓo shida, wasu na rage musu tsawo, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah shawara nake nema. Ni ma'aikaci ne ina da mata da yara uku, muna haya kusa da wajen aikina minti ashirin na isa ofis, to mai gidan ya sake ƙara mana kuɗi karo na biyu kenan cikin shekara uku kuma gaskiya abin ya fara fin ƙarfina. Sai wani abokina ya nuna min gida can wajen gari ɗaki uku da falo ga fili yara su sake, hayarsa kusan rabin wadda nake biya ce. Matsalar dai tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa, haka ma dawowa in akwai cunkoso. Madam ta ce mu tashi kawai, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ya kake gani? Daga Baban Yara Uku.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban yara. Zuciyar nan taka da ta ƙi kwanciya lissafi take yi maka ba ka sani ba. Rabin kuɗin da ka ga an rage, kar ka ɗauka mai gidan kirki ne ya yi masa yawa, a hanya za ka biya cikon, wani da aljihu wani da lokaci wani kuma da jikinka.

Kuma maganar tsohuwa ce fa. Tun 1826 wani Bajamushe mai gonaki, Johann von Thünen, ya zauna ya lissafa dalilin da ya sa gonar kusa da kasuwa ta fi ta nesa tsada, ya ga cewa bambancin daidai yake da wahalar kai amfani kasuwa. A 1964 William Alonso a Amurka ya ɗauko wannan lissafi ya ɗora a kan gidaje, ma'aikaci shi ne kayan da ake kaiwa kasuwa kullum da safe a dawo da shi da yamma. Shi ya sa a yawancin biranen duniya za ka ga haya na sauka kana nisa, kuɗin mota na hawa, kamar ma'auni mai kai biyu.

To bari mu yi naka lissafin, amma misali ne kawai, kai za ka sa ainihin lambobinka. A ce abin da ke shigo maka a wata 100 ne, hayar yanzu na cin 40, zirga-zirga 5, jimla 45. Can kuma haya 21. Ido na ganin 19 ta dawo aljihu ko? Amma zuwa aiki yanzu zai iya cin 15 ko fi, in mota gare ka ga mai ga taya ga bakanike da zai zama abokinka na kusa tunda tafiyar ta ninka sau huɗu da wani abu, in babu kuma mota biyu ko uku za ka hau kafin ka isa, sannan yara su ma sai an kai su makaranta, ita ma madam ba za ta zauna kamar an dasa ta ba tana da kasuwa tana da asibiti tana da 'yan'uwa, a ce nasu 4. Ka ga 21 da 15 da 4 sun ba ka 40. Ribar da ta rage 5 ce, ba 19 ba.

Sai lokaci. Awa 3 kullum, kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, awa 720 kenan, wato wata guda cur dare da rana kana zaune a mota. Yanzu kana kashe awa 160 ne a shekara. Ƙarin 560 ɗin nan in ka raba da awa 8 na aiki, kwanan aiki 70 ne da ba mai biyanka ko sisi. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, da wani zai ce zo ka yi min aikin kwana 70 in ba ka wannan 5 ɗin duk wata, za ka karɓa?

Akwai wata cibiya a Shikago, Center for Neighborhood Technology, da ta daɗe tana cewa kuskure ne a auna gida shi kaɗai, a haɗa shi da sufuri, kuma su biyun kar su wuce kashi 45 cikin 100 na abin da iyali ke samu, 30 na gida 15 na hanya. Da suka auna haka sai unguwanni da yawa da ake kira masu araha suka faɗi jarrabawa. Shi kuma wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, a 1994 ya nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙafa har zuwa na mota, ɗan Adam kusan awa ɗaya yake ware wa zirga-zirga a rana, zuwa da dawowa gaba ɗaya. Kai ninki uku kake shirin ɗauka. Wasu masana tattalin arziki biyu na Siwizalan, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan mutanen Jamus suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin jin daɗin rayuwa, kuma babban gidan ko ƙarin albashin bai cike musu giɓin ba. Ni wannan ban ma buƙaci Bature ya gaya min ba, na taɓa yin shekara biyu ina fita yara na barci in dawo suna barci, har ƙaramar ta fara yi min kallon baƙo ranar hutu. Ban ce kowa haka zai ji ba amma ni dai na ɗanɗana.

Kar kuma ka ce na hana ka. Akwai inda tashin ke da riba sosai: in akwai jirgin ƙasa ko bas mai layinta daban wadda cunkoso ba ya tare ta, don awa ɗaya a zaune kana karatu ko gyangyaɗi daban take da awa ɗaya kana riƙe da sitiyari kana taka birki, ko in ba kullum kake zuwa ofis ba, ko in madam sana'arta a gida take kuma akwai makaranta da asibiti a kusa, ko kuma in saye za ka yi ba haya ba. Amma haya zuwa haya, a kan ribar 5, da tafiyar awa 3? Ni sai in fara neman ƙaramin gida a tsakiya, tafiyar minti 40, ko da ɗaki biyu ne.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka yi gwaji. Abokin naka na tabbata ranar hutu ya kai ka, hanya fayau. Ka je ka kwana a can ko wajen wani ne, ka fito ranar Litinin daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka dawo da yamma lokacin tashi aiki, in da hali ka ƙara ranar da aka yi ruwa. Ka ɗauki madam ku yi tafiyar tare sau ɗaya, ba don ka kayar da ita a magana ba, ita ma tana da hujja, matsin gida ita ta fi kowa jin sa tunda ita ke wuni a ciki da yara. Gani ya kori ji, in kun dawo sai ku yanke.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu fa nan unguwarmu da ba kowa, mu muka fara zama lokacin ko kwalta babu, yanzu daga jin an ce za a kawo tashar jirgin ƙasa, ko harsashi ba a haƙa ba, filaye sun ninka masu gida sun fara ƙarin haya. Wannan ba zalunci ba ne? Daga wata Hajiya mai haya.

AMSA: Hajiya sannu da haƙuri, zafin da kike ji gaskiya ne. Amma abin da ke faruwa shi ne mutane ba ginin suke saye ba, mintocin da jirgin zai rage musu suke saye, kuma kasuwa ba ta jiran a yanke ƙyallen buɗe tashar, daga ranar da aka yarda maganar da gaske ce farashi ke fara tafiya. A Landan an fara aikin layin jirgin ƙasa na Elizabeth a 2009, bai buɗe ba sai Mayun 2022, amma gidajen kusa da tashoshinsa sun daɗe da tashi kafin fasinja na farko ya hau.

Masu jirgin ma sun san da haka tun da. Kamfanin Metropolitan da ya buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Landan a 1863, daga baya da layinsa ya miƙe zuwa ƙauyukan arewa maso yamma shi da kansa ya riƙa yanka filaye yana gina rukunin gidaje a gefen tashoshi, har ya raɗa wa yankin suna Metro-land a 1915. A Japan haka Ichizo Kobayashi mai kamfanin da ya zama Hankyu ya yi a wajen Osaka tun 1910, ya shimfiɗa layi, ya gina gidaje a bakinsa ya sayar biya kaɗan-kaɗan, ya ci riba ta gida ya ci ta tikiti. A Hong Kong har yau kamfanin MTR da ribar gine-ginen kan tashoshi yake tallafar jirgin. Ni a ganina nan ne ainihin inda ya kamata a yi ƙorafi, in da kuɗin jama'a aka yi hanya, bai kamata ƙarin darajar ya tafi aljihun mai fili shi kaɗai ba alhali bai ɗora ko bulo ɗaya ba, ɗan haya kuma da ya sha ƙurar wurin shekara da shekaru a ce ya tattara.

Abin da za ki iya yi yanzu, tun kafin aikin ya kankama, ki nemi mai gidan ku rubuta yarjejeniya mai tsawo, shekara biyu ko uku, a rubuta nawa za a ƙara da kuma yaushe, kowa ya sa hannu da shaidu. Mai gida da yawa ya fi son tsohon ɗan haya mai biya a kan lokaci da baƙon da bai sani ba, ki yi amfani da wannan. Sannan ki binciki dokar haya ta inda kike, wurare da yawa akwai wa'adin sanarwa da dole a ba ki kafin ƙari ko tashi.

Ga masu rububin sayen fili saboda jita-jita kuma, ku bi a hankali, ba kowace tashar da aka zana a takarda ake ginawa ba. Faɗaɗa titi ma ba tabbas ne ba, a Houston ta Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy aka gama a 2008, wani wurin layi har 26 in an haɗa da na gefe, cikin 'yan shekaru cunkoso ya dawo don sabbin unguwanni sun tsiro a bakinta kowa ya fito da motarsa.

TAMBAYA: Yallaɓai na shekara shida ina tara kuɗin gida a wata sabuwar unguwa bayan gari, kullum in na kusa sai farashi ya gudu. Yanzu wasu na cewa in jira kasuwar za ta faɗi, wasu na cewa in ban saya bana ba shikenan har abada. Wanne zan ɗauka? Ni saurayi ne shekarata 31.

AMSA: Ƙanena, duk wanda ya ce maka ya san ranar da kasuwa za ta faɗi, tambaye shi me ya hana shi zama attajiri. Su kuma masu cewa gida ba ya taɓa faɗuwa, tarihi ya ƙaryata su. A Amurka daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A Ailan kusan rabi ya tafi tsakanin 2007 da 2013. A Japan bayan kumfar farashi, wato hauhawar da ta wuce kima, ta fashe a farkon shekarun 1990 filaye sun fi shekara goma suna sauka.

Abin da ya fi shafarka a ciki shi ne ina ne ya fi jin jiki. Unguwannin can ƙarshe ne, na masu doguwar tafiya. A Amurka dillalai har karin magana gare su, wai ka yi ta tuƙi har sai ka isa inda banki zai yarda ya ba ka bashi, to waɗanda suka bi wannan shawara su ne fetur ya haye musu dala 4 galan a tsakiyar 2008, ga bashi ga darajar gida ta faɗi ƙasa da abin da ake bin su. Stockton a Kalifoniya, inda mutane ke kwana su tafi aiki yankin San Francisco, birnin kansa sai da ya bayyana ya tsiyace a 2012. A Ailan ƙidayar gwamnati ta 2010 ta samu rukunin gidaje sama da 2,800 da ba a ƙarasa ba ko ba kowa a ciki, da yawa a garuruwan da aka gina don masu zuwa aiki birni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, a tsakiyar gari fili ya ƙare, a bayan gari kuwa gaba da gidanka akwai wani filin, in kasuwa ta yi sanyi mai saye na da zaɓi dubu. Wajen gari shi ke fin gudu in ana hawa, shi ke fin gudu in ana sauka.

Sai maganar kuɗin ruwa, wadda mutane ba sa kula da ita alhali ita ke juya kasuwar duk inda ake sayen gida da bashi. A Janairun 2021 ruwan bashin gida na shekara 30 a Amurka ya sauka zuwa kashi 2.65, a Oktoban 2023 ya kai 7.79. Ka san me wannan ke nufi? Bashin dala 100,000 a kashi 3, kusan 422 za ka riƙa biya a wata, a kashi 7 kuma 665. Gida ɗaya, farashi ɗaya, biyan wata ya ƙaru da fiye da rabi. A Ingila babban banki ya ɗaga nasa daga 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, kuma da yake can yawanci shekara 2 ko 5 kawai ake tsayar da kuɗin ruwan bashi ba ya canzawa, mutane da dama wa'adinsu na cika suka ga biya ya yi tsalle. Kowa ya zaci farashin gida zai rushe a Amurka, sai abin mamaki bai rushe ba, don masu tsohon bashi mai sauƙi sun ƙi sayarwa, wa zai saki kashi 3 ya kama 7? Gidajen kasuwa suka yi ƙaranci, ciniki ya mutu, a 2023 an sayar da tsofaffin gidaje mafi ƙaranci tun 1995, amma farashi na nan daram. Ka ga ke nan mai jira ya faɗi ya sha jira.

Don haka ni ba kasuwa nake so ka kalla ba, kanka. Za ka zauna a gidan aƙalla shekara 5 zuwa 7? Don la'adar dillali da lauya da haraji da kuɗin takardu, shiga da fita, suna cinye ribar ɗan gajeren zama. Bayan ka biya za ka rage da abin da zai riƙe ka wata 3 zuwa 6 in aiki ya tsaya? In ka canza wajen aiki unguwar za ta yi maka, ko hanya ɗaya tak gare ta zuwa wuri ɗaya tak? In duk e ne, saya, ko ya faɗi baɗi kana cikin gidanka ruwa ba ya dukanka. In akwai a'a, ci gaba da tari ba abin kunya ba ne, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Kuma tunda sabuwar unguwa ce, kar ka sayi zane, ka ga ruwa da wuta da magudana da idonka, ka sa lauyanka, naka ba na mai sayarwa ba, ya bi takardun har ofishin filaye, ka tambayi waɗanda suka riga ka shiga yadda wurin yake in an yi ruwa mai ƙarfi.

TAMBAYA: Malam ana ta cewa kar haya ta wuce kashi 30 na albashi, wai wa ya kafa wannan dokar? Ni tawa ta kai 45 kuma ina raye.

AMSA: Allah ya ƙara lafiya, amma ina tabbatar maka wani abu ne ke biyan kuɗin, ko ajiya ko cefane. Asalinta daga Amurka ne, a 1969 Sanata Edward Brooke ya kawo gyaran doka cewa mazauna gidajen gwamnati kar a karɓi fiye da kashi 25 na samunsu, a 1981 aka mai da shi 30, daga nan duniya ta ara. Ma'auni ne na sauƙaƙa lissafi, mai babban albashi zai ba da 45 ya rage da abin wadata, mai ƙarami ko 25 ta shaƙe shi. Kai dai duba abin da ya rage bayan haya da kuɗin hanya. Wajen saye kuma akwai wani ma'aunin da rahoton Demographia ke amfani da shi, a raba farashin matsakaicin gida da samun matsakaicin iyali na shekara, in 3 ne ko ƙasa da sauƙi, in ya haura 5 abin ya yi tsanani, Hong Kong ta shekara da shekaru tana kan gaba a tsada.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni aikina na kwamfuta ne, kwana biyu kawai nake zuwa ofis a mako sauran a gida. Ina tunanin in sayi gida can nesa sosai inda fili ke da arha tunda ba kullum zan fito ba. Mijina na ganin ganganci ne. Ka raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Raba gardamar mata da miji aiki ne mai haɗari amma bari in gwada. Lissafinki daidai ne a yau, kwana 2 maimakon 5 ya rage nauyin hanya da kashi 60, nesa ta zama kusa. Abin da miliyoyi suka yi kenan lokacin korona daga 2020, har masana biyu na jami'ar Stanford, Arjun Ramani da Nicholas Bloom, suka nuna a 2021 yadda tsakiyar manyan biranen Amurka ta yi sanyi kewayenta ya ɗau zafi kamar zobe. To amma kin ga illar, kowa ya yi tunanin da kika yi, arahar wajen garin ta ragu.

Inda maigidan ke da gaskiya shi ne, kwana biyun nan a rubuce yake a takardar ɗaukar aikinki ko alfarma ce ta shugaban da kike da shi yanzu? Alfarma ana janye ta da saƙo ɗaya. Kamfanin Amazon ya umarci ma'aikatan ofis su dawo kwana 5 daga Janairun 2025, kuma ba shi kaɗai ba ne. Bashin gida ko zaman gida na shekara 20 ne, tsarin ofis na iya canzawa kafin ki gama fenti. Ki auna da mafi muni, in gobe aka ce kullum, za ki iya tafiyar ko da na shekara ɗaya ne kafin ki samu wani aikin? In za ki iya, bismillah. In ko tunaninsa ma na sa ki ciwon kai, ki matso kusa kaɗan. Kuma ki gwada intanet da wutar wurin da kanki, ki je da kwamfutarki ki yi aikin yini guda a can, don ke su ne titinki. Shi ma maigidan a tambaye shi tasa tafiyar, ban ji kin ambace ta ba.

TAMBAYA: Ni dattijo ne na yi ritaya, 'ya'yana huɗu duk suna aiki amma ba wanda ya iya mallakar gida ko a wajen gari, alhali ni da ƙaramin albashi na gina nawa. Me ya lalace? Kuma ɗayansu na gudun bashin banki saboda riba, akwai mafita?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya. Ba lalacin yaran ba ne, in ma ana faɗa musu haka a daina. A birane da yawa na duniya kuɗin gida ya tsere wa albashi, mutane na ƙaruwa, iyali na raguwa a girma ana buƙatar ƙofofi da yawa, kayan gini da ladan magina sun hau, amma babban abin shi ne ƙasa da izinin gini. Aiki na taruwa a wuri ɗaya, gidaje kuma an hana su taruwa a wurin.

Zamanin da aka yi arahar wajen gari, gini aka yi ba wasa ba. Levittown a wajen Niyu Yok, daga 1947 zuwa 1951 an gina gida sama da 17,000 a tsohuwar gona. Amma irin wannan na tafiya ne muddin akwai fili a tazarar da mutum zai iya zuwa aiki, in an cinye shi sai dai a yi sama ko a ƙara nisa. Landan ta zagaye kanta da wani yanki da aka hana gini don kar birnin ya yi ta faɗaɗa, niyya mai kyau, sai dai mutane tsallake shi suka yi suka koma garuruwan bayansa suna shigowa a jirgi, tafiya ta ƙaru. A yawancin unguwannin wajen biranen Amurka kuma doka ce ta ce fuloti ɗaya gida ɗaya na iyali ɗaya, kuma waɗanda suka riga suka mallaka su ne ke fitowa su hana a canza, don ƙarancin na ƙara wa nasu daraja. Baba ka yafe ni, amma sau da yawa tsararku ne ke zuwa taron su ce ba su yarda a yi bene a layinsu ba, sannan su dawo gida suna mamakin yaransu na haya.

Inda aka sassauta an ga bambanci. Auckland ta Niyu Zilan a 2016 ta ba da damar ƙara yawan gidaje a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamanta, izinin gini ya yi sama sosai a shekarun da suka biyo. Minneapolis a 2018 ta amince a riƙa gina gida mai iyali uku a inda da ɗaya kawai aka yarda. Tokyo kuwa, duk girmanta, da yake dokar gininta mai sauƙi ce kuma jirage sun ratsa ko'ina, ta daɗe tana gini da yawa, hayarta ba ta yi haukan ta Landan ko Niyu Yok ba.

Shi kuma mai gudun riba, akwai hanyoyin da bankunan Musulunci ke bi. Akwai murabaha, banki ya sayi gidan ya sayar masa da riba sananniya ya biya a hankali. Akwai ijara, haya da ke ƙarewa da mallaka. Akwai musharaka mai raguwa, su haɗa kuɗi su saya tare, yana biyan hayar kason banki yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har ya zama nasa. Ko a Ingila tun 2003 aka gyara doka don kar a karɓi harajin saye sau biyu a irin wannan ciniki. Sai dai ya sani ba lallai ya fi sauƙi a aljihu ba, wani lokacin ma ya fi tsada, kuma a ijara da musharaka ana sake duba kuɗin hayar lokaci-lokaci, don haka ya karanta yarjejeniyar da kyau, ya kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki da kuma lauya kafin ya sa hannu.

In kuma filin gidanka na da girma Baba, kuma dokar wurin ta yarda, ku zauna da yaran ku duba ko za a fitar da sashe ko a ɗora bene, a rubuta wa ya sa nawa da wa ke da me tun kana raye da lafiyarka, sauran 'yan'uwan duk su sa hannu.